Kin Taɓa Tambayar Ɗiyarki Me Take So Ta Zama?

  Uwargida ran gida, sannu da aiki. Amarya, ke ma ban manta da ke ba. Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na ƙasar Kankiya da Kusada, tun daga Rimaye, Kafin Soli, Tafashiya, Gaci da Sukuntuni, har zuwa Yashe, Mawashi, Kofa, Dudunni da Bauranya, domin zancenmu na yau ƙofar gidanku ya fi shafa. In kina tankaɗe ne, ci gaba da abinki. In ɗinkin hula kike, kada ki ajiye allura. Kunnenki kawai nake aro.

Bari in fara da wani abu da ya faru a cikin danginmu, wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ina da wata ƙanwa, ɗiyar gwaggona. Tun tana firamare take cewa ita ungozomar asibiti za ta zama, saboda a gabanta yayarta ta yi doguwar naƙuda har kwana biyu, aka ƙarshe aka rasa jaririn. Yarinya ce mai ƙoƙari. Ta gama sakandare da kiredit bakwai, gida ya ɗauki murna, mahaifinta ya sayar da rago ya ba da kuɗin fom. Da wanta ya je shagon kwamfuta cike fom ɗin, sai aka duba takardar sakamakonta aka ce masa babu Kemistiri, babu Fizis. Ashe shekara uku tana zaune a ajin da bai kai mutum aikin asibiti. Dalili kuwa, ranar da ake raba azuzuwa, ƙawarta ta shiga wancan ajin, ita ma ta bi ta, kuma wasu yara sun ce mata ajin kimiyya na maza ne, wuya gare shi.

Da na je yi musu jaje, gwaggo ta dube ni ta ce: "Ke 'yar nan, ni ina na san wani Kemistiri? Ni dai na san kullum tana sa yunifom tana tafiya, ina ba ta kuɗin tara." Gaskiya ta faɗa. Gwaggo ba ta yi sakaci da abinci ko sutura ko tarbiyya ba. Tambaya ɗaya ce ba wanda ya koya mata ta yi. Sai da yarinyar ta sake shekara biyu kafin ta haɗa darussan da ake nema. Ita ta yi sa'a, mahaifinta ya yi haƙuri. 'Yan mata nawa ne a garuruwanmu ba su samu wannan shekara biyun ba, aka ce tunda boko ya ƙi, a kawo sadaki?

To wannan tambaya ita ce maganarmu ta yau: yadda ɗa ko ɗiya da ke sakandare za su gane aikin da ya dace da su tun da wuri, da yadda za su koyi riƙon jama'a tun suna makaranta. Kuma ina so in nuna miki cewa ke da ke zaune a ɗaki kina da babban rabo a cikin wannan aiki, ko da ba ki taɓa shiga aji ba.

Mu fara da fahimtar yadda karatun yake tafiya. Tun shekarar 1982 Nijeriya ta shiga tsarin da ya raba karatu zuwa shekara shida ta firamare, uku ta ƙaramar sakandare, uku ta babbar sakandare, sannan huɗu ta jami'a. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mai da shekara tara ɗin farko wajibi kuma kyauta a makarantun gwamnati. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarshen shekara ta tara, wato aji uku na ƙaramar sakandare. Daga nan hanya ke rabuwa. Akwai ajin kimiyya, wanda yara ke kira sayans. Akwai ajin adabi da zamantakewa, wanda suke kira ats. Akwai ajin kasuwanci. Akwai kuma makarantun fasaha na koyon aikin hannu. Makaranta kan duba sakamakon jarrabawar aji uku, musamman Lissafi da darasin kimiyya, ta raba yara. Amma sau da yawa abin da yaro ya faɗa da bakinsa, ko abin da gida suka nema, yana tasiri. Yarinya tana da shekara goma sha huɗu ko sha biyar ake yanke wannan hukunci, kuma shi zai bi ta har ƙarshen karatunta. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane.

Ki saurari wannan da kyau, in da mai rubutu kusa da ke ki sa ya rubuta. Duk mai son aikin jinya ko ungozoma, ana neman kiredit biyar daga gare ta a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, kuma kada zaman jarrabawar ya wuce biyu. Mai son likitanci ko haɗa magunguna, waɗannan darussa ne dai. Mai son injiniya, ba makawa sai da Lissafi da Fizis da Kemistiri. Mai son zama lauya ko alƙali, sai ya yi darasin Adabin Turanci. Mai son aikin akanta ko banki, sai ya riƙe Lissafi da darasin Tattalin Arziki. Jarrabawar JAMB kuwa, wadda ake yi don shiga manyan makarantu, darasi huɗu ake rubutawa: Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuma sai sun dace da abin da yaro zai karanta. Yaro zai iya cin maki mai yawa amma a ƙi ɗaukarsa, don kawai ya haɗa darussan da ba su tafi tare ba.

Me ya sa na ce zancen ya fi shafar ƙofar gidanku? Saboda a cikin garin Kankiya akwai makarantar koyon aikin lafiya ta jiha, wadda ke ɗauke da sunan Kankiya Iro. Makarantu irinta su ke fitar da ma'aikatan da kike tararwa a ƙananan asibitocin ƙauye, da masu allurar rigakafi, da duba-gari. Ɗalibai na barin garuruwa masu nisa su zo su kama haya don su yi karatu a cikinta. Ke kuwa ga ta a bakin ƙofa. A Malumfashi akwai makarantar ungozoma, a Katsina akwai ta jinya. A Dutsinma akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita mai horar da malamai, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. A Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Iyayenmu ba su ga wannan gata ba. Abin takaici ne a ce rijiya na ƙofar gida amma ɗiyarki ta rasa guga.

Kuma ki tuna wa za ta yi wa aikin. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Kankiya na da mutum sama da 150,000, Kusada kuma kusan 100,000, yanzu kuwa an ƙaru ƙwarai. Kusan rabin wannan jama'a mata ne. Ni da ke mun san abin da ke faruwa in ciki ya zo da gardama. Mace ta gwammace ta daure a ɗaki da a ce namiji ne zai duba ta, maigida ma haka yake ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya a dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. To wannan mace da muke so ta duba mu, daga ina za ta fito? Daga sama za ta faɗo? Ɗiyar wata ce, wadda uwarta ta bari ta yi Kemistiri. In kowa ta ce ba ɗiyarta ba, to kowa sai ta haƙura da wanda ta tarar.

Kada ki ce wannan aiki baƙo ne a addininmu. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai sahabiya Rufaida Al-Aslamiyya, wadda take da tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni. A tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Gwalalo. A zamaninmu kuma ga Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano, likitar mata. Tana cikin waɗanda suka jagoranci wani babban bincike da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan sabuwar hanyar gane zubar jini bayan haihuwa da tsai da shi da wuri. Ita ma wata rana 'yar aji uku ce, aka tambaye ta wane aji za ta shiga.

Ba ina cewa kowace yarinya sai ta yi aikin asibiti ba ne. Muna bukatar malamai mata a makarantun 'yan mata. Muna bukatar lauyoyi mata da za su saurari mace a kan gadonta ko haƙƙinta na aure ba tare da ta ji nauyi ba. Muna bukatar malamai na Arabiyya da addini, da malaman gona, da masu aikin jarida. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da nake cewa shi ne a zaɓa da ido buɗe.

Wannan aiki na taimaka wa yaro ya zaɓi hanya yana da suna a makaranta, ana ce masa ba da shawara da jagoranci. A Nijeriya ya samo asali ne a 1959 a wata makarantar 'yan mata ta Saint Theresa da ke Ibadan. Malaman makarantar, waɗanda mata ne 'yan mishan, suka lura ɗalibansu na gab da fita amma ba su san abin da za su yi ba. Sai suka gayyato ma'aikata daga wurare daban-daban, kowa ya zo ya yi wa yaran bayanin aikinsa: yadda ake shiga, abin da ake nema, daɗinsa da wahalarsa. Daga nan abin ya yaɗu, har manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a sa malaman ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Wasu makarantu suna da irin wannan malami, suna kuma ware ranar sana'o'i. Wasu kuwa malamin yana nan amma an cika shi da koyarwa, yara ma ba su san aikinsa ke nan ba. Saboda haka tambaya ta farko da za ki aika makaranta ita ce: wane ne malamin ba da shawara? In babu, sai a nemi fom-masta, wato malamin da ke kula da ajin.

Amma dubi abin da matan Ibadan suka yi. Ba gini suka yi ba, ba mota suka saya ba. Masu aiki suka haɗa da yara, aka yi hira. To wannan ai ke ma za ki iya a tsakar gidanki. Ranar da za ki je awo ko kai yaro rigakafi, in ba ranar makaranta ba ce, tafi da ɗiyarki. In layi ya yi sauƙi, ki ce wa malamar asibiti: "Malama, ga ɗiyarki tana sha'awar aikinku, ki ɗan faɗa mata inda kika bi." Ba na jin za ta ƙi. Masu ɗigon foliyo suna shigowa har ɗakinki, cikinsu akwai waɗanda suka yi makarantar lafiya. A kowane suna da biki a danginku akwai malamar makaranta ko ma'aikaciya. Maimakon hirar ta ƙare a kan atamfa da kayan ɗaki, ki jawo yarinyar ki zaunar da ita kusa da ita. In ɗa namiji ne, ki roƙi babansa ko kawunsa ya kai shi wurin mai haɗa sola, ko mai gyaran waya, ko malamin dabbobi, ya wuni yana kallo lokacin hutu. Gani ya kori ji.

Ke kanki ma makaranta ce. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kuma fitar da littafi a kan garin a 1972. Cikin abubuwan da suka ja hankalinta har da irin cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, hatsi da man gyaɗa da abinci, kasuwa guda da ba a ganinta daga waje. Har gobe haka abin yake. Ke da ke soya ƙuli-ƙuli, ke da ke dambu, ke da ke kiwon tumaki, kin san uwar kuɗi, kin san riba, kin san bashin da ba ya dawowa. To maimakon ki ɗora wa yarinya tire a kai lokacin da 'yan uwanta ke aji, ɗora mata littafi da biro. Ta riƙa rubuta abin da aka sayo da abin da aka sayar. Ta riƙe lissafin adashi. In kin ga abin yana mata daɗi, lissafinta ba ya kuskure, to kin gano wani abu game da ita da malaminta ma bai sani ba. Wata kuma za ki ga in ƙaninta ya ji ciwo ita ke wanke masa ba ta ƙyama. Wata in ta tara yara tana koya musu karatu sai su yi tsit. Wani yaron duk rediyon da ya lalace a gidan sai ya kwance shi. Waɗannan alamu ne, kuma babu mai ganinsu kamar uwa.

Aikin hannu ma yanzu ya shiga aji. Tun 2011 aka sa darussan sana'a a babbar sakandare. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta taƙaita su zuwa shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da amfanin gona. Ki tambayi ɗiyarki wacce makarantarsu ke koyarwa, wacce ta ɗauka. Ga maƙwabtanku kuma akwai kwalejin fasaha ta gwamnati a Ingawa, da ta 'yan mata a Caranci. Yaron da ya fito da takarda a hannu ɗaya, sana'a a ɗaya hannun, ba ya zaman jiran gwamnati.

Yanzu mu juya ga ɓangare na biyu, wato shugabanci. Wata rana ɗiyarki za ta dawo ta ce an ba ta monita, ko firifet, ko an sa ta a ƙungiyar muhawara. Na san abin da wasunmu ke cewa: "A'a, kar a buɗe mata ido, mace da surutu gaban jama'a ai rashin kunya ne." 'Yar uwa, mu bambanta. Fitsara daban, iya magana daban. Yarinyar da ta iya tsayawa ta faɗi hujjarta cikin ladabi, ita ce gobe za ta iya yi wa likita bayanin ciwon ɗanta, ita ce malamin banza ba zai ruɗe ta ba, ita ce za ta iya sasanta rikicin gida ba tare da ashar ba. Monita tana koyon riƙon amana, domin alli da rajista suna hannunta. Firifet ta tsabta tana koyon sa mutane aiki ba da duka ba. Wadda ta riƙe kuɗin ƙungiya ta koyi cewa dukiyar jama'a ba tata ba ce. Akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSS, wadda aka kafa tun 1954. Akwai ƙungiyar JETS ta yara masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere. Akwai ta muhawara, akwai ta 'yan jarida.

Ni kaina a irin wannan ƙungiya na fara. Ina aji huɗu aka ba ni takarda in karanta labarai a gaban asambuli. Ƙafafuna na rawa, muryata na rawa, yara suka yi ta dariya. Na dawo gida na ce na bari. Innata, wadda ba ta yi boko ba, ta ce in ɗauko takardar in karanta mata tana tsince shinkafa. Kullum da yamma sai na karanta mata, in na yi sauri ta ce: "Wa ke korar ki?" Muryar da kike ji yau a tsakar gidan nan aka gyara ta.

Kuma shugabancin mata ba daga Turai aka kawo mana shi ba. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi mace mai hankali da amana daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji ke jagorantar tsofaffi da ƙananan 'yan mata su je wurin Nana su ɗauko karatu, su dawo su koyar da matan aure da ke cikin gidaje. Kin gani, tun wancan zamani yarinya ce ke ɗauko wa matar kulle ilimi. A zamanin nan kuma, Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta Kano ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya, daga 2012 zuwa 2014. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf ta riƙe editan jaridar Sunday Triumph a Kano, tana kuma cikin matan da suka kafa ƙungiyar FOMWAN a 1985. Allah Ya karɓi ranta a Mina lokacin aikin Hajjin 2015. Wa zai ce aikin jarida ya raba ta da addininta?

Ga 'ya'yanmu maza kuwa, maganar ta fi zafi. Yaro yana da jini a jika, yana son a san da shi. In bai samu inda zai yi jagoranci na alheri ba, zai samu na tsiya. Mu a Katsina mun san ƙauraye, mun san yadda ake ba yara ƙwaya da 'yan kuɗi lokacin zaɓe. A 2018 aka sa hannu kan dokar da ta rage shekarun tsayawa takara, ta yadda ɗan shekara 25 zai iya neman kujerar majalisar jiha ko ta wakilai ta tarayya. Ɗanki da ke da shekara goma sha biyar yau, saura shekara goma ke nan. Ko dai ya zama mai tsayawa a zaɓe shi, ko ya zama mai riƙe wa wani gora. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma shirye-shirye da suka shigo jiharmu waɗanda ya kamata ki san da su. Daga 2012 zuwa 2022 an gudanar da kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya a jihohi shida, har da Katsina. Shi ya ƙarfafa ƙungiyoyin iyaye mata a makarantu, da ƙungiyoyin da 'yan mata ke taimakon junansu. Daga 2012 zuwa 2020 an yi wani shiri na samar da mata ma'aikatan lafiya a Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Yobe, inda ake ɗauko 'yan matan karkara da ba su cika kiredit ba a ba su karatun share fage. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki matsalar ƙanwata ba tata ce ita kaɗai ba. A 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin AGILE a jihohi bakwai, Katsina na ciki. Shirin ya ƙunshi gina azuzuwa da gyara su, da tallafin kuɗi ga 'yan mata na gidaje masu ƙaramin ƙarfi, da koyar da kwamfuta, da zama na musamman inda malama mace ke koya wa 'yan mata dabarun zaman duniya. Ki tambaya ko makarantar ɗiyarki ta samu wani abu daga ciki. Matambayi ba ya ɓata.

Na san akwai abubuwa uku da ke cin ranki, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Na farko tsaro. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Duk uwar da ta ji tsoro tana da gaskiya. In hankalinku bai kwanta da makarantar kwana ba, a nemi ta jeka-ka-dawo mafi kusa, yara su riƙa tafiya a ƙungiya, a san lokacin fitarsu da na dawowarsu. Amma kada tsoro ya sa a rufe littafin gaba ɗaya, domin jahilci na cikin abin da ya haifar mana da wannan masifa.

Na biyu kuɗi. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Shi ya sa sanin hanya da wuri ke da amfani, domin kuɗin sake jarrabawa da sake fom sun fi kuɗin tambaya. In kin san saura shekara uku, tunkiya ɗaya da kika ware yau za ta haihu kafin lokacin. Kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, ga waɗanda suka samu shiga manyan makarantun gwamnati, rancen kuma babu kuɗin ruwa a kansa.

Na uku aure. Ba na cikin masu cewa aure abokin gabar karatu ne. Mata da yawa sun yi karatu da goyo a baya. Amma magana ce da ake yi tun kafin a sa rana, a gaban waliyyai, ba bayan an kai amarya ba. In manemi ya yarda za ta ƙarasa, a faɗa a gaban manya. In ya ce a'a tun yanzu, to kun san abin da kuka zaɓa.

Saura maigida. Ke kin fi ni sanin mijinki. Ba a tarar sa da magana yana shigowa da gajiyar gona ko kasuwa. Bari ya ci, ya sha, ya huta. Sannan ki ce: "Malam, yarinyar nan bana za ta gama aji uku, an ce yanzu ake raba su. Da za ka daure ka leƙa makarantar ka ji wane aji za a sa ta, kada mu yi ta kashe kuɗi a kan hanyar da ba ta ɓullewa." Maganar asarar kuɗi tana shiga kunnen namiji. In ba shi da lokaci, ya wakilta ƙaninsa ko babban ɗansa, ko ya ba ki izini ki kira malamar ajin a waya. In akwai ƙungiyar iyaye mata a makarantar, ki nemi izininsa ki shiga, ko ki aika da saƙonki ta bakin wadda ke zuwa.

To ga aikin gida na ba ki kafin mu sake haɗuwa. Yau da dare, bayan an yi sallar lisha an ci tuwo, kira ɗiyarki ko ɗanki ku zauna ku biyu. Ki tambaye ta aji nawa take. Ki tambaye ta darussan da take yi, ta lissafa miki su ɗaya bayan ɗaya. Ki tambaye ta wanne ya fi mata daɗi, wanne ke ba ta wuya. Sannan ki tambaye ta me take so ta zama. In ta yi shiru ko ta rufe fuska, kada ki yi mata tsawa, wataƙila ba a taɓa tambayarta ba ne. In ta faɗi abin da ya fi ƙarfin tunaninki, kada ki yi dariya. Ki ce Allah Ya sa albarka, gobe kuma a fara binciken hanyar. In an riga an sa ta a ajin da bai dace da burinta ba, kuma tana zangon farko na aji huɗu, a hanzarta zuwa wurin firinsifal, domin a wannan lokaci canji bai yi wuya ba. In an bari ta kai aji shida, sai dai a yi irin haƙurin da gidan gwaggona suka yi.

Ƙanwar tawa yanzu tana makarantar da take so. Ranar da aka ba ta farin yunifom, gwaggo ta sa aka kira ni a waya, ta ce in faɗa wa mata a rediyo su riƙa tambaya. To ga shi na isar da saƙonta.

Nan za mu dakata sai wani makon in Allah Ya kai mu. Mai tambaya ko ƙarin bayani, ta sa a rubuto mana wasiƙa ko a aiko da saƙon waya, za mu karanta a wannan fili. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani da sana'a ta halal. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. A gaishe da maigida, a shafa mini kan yara.